Yaran Shago da Kambun Tekken

A farkon shekarun 2000, da wuya ka ratsa unguwa a cikin Kano ba ka ji ihun yara daga wani ɗan shagon gem ba. Namu bai fi zaure girma ba: talabijin biyu, benci, fankar da ba ta kai wa kowa iska, da PlayStation ta farko wadda sai an kifa ta kafin ta yarda ta karanta faifai. Yawancin yara ƙwallo ke kawo su. Mu kuwa 'yan Tekken 3 ne, wasan faɗan da kamfanin Namco na Japan ya fitar a 1997, ya kuma sauko kan PlayStation a 1998.

Dokar shagon ɗaya ce: wanda aka doke shi zai biya, ya kuma miƙa hannun gem ga na gaba. Wannan doka ta koya mana wasa fiye da kowane malami, domin kuɗin tara ne kake sakawa, kuma idan ka yi sakaci da yunwa za ka koma makaranta. Sabon shiga yakan ɗauki jarumin wasan Eddy Gordo ya yi ta danne-danne, ƙafafu na ta juyi a iska, har ya ci mutum biyu ko uku ya fara ɗaga kafaɗa. Sai mai shagon, wanda duk muke kira Yaya, ya ce, "Ƙanena, zo mu gwada ɗaya." Ya ɗauki Paul, ya tsaya yana tarewa kawai, ya jira yaron ya buɗe jiki, ya sauke masa naushi guda da zai kwashe kusan rabin jininsa. A wurinsa na fara gane cewa wasan nan na haƙuri ne da karantar zuciyar wanda ke zaune kusa da kai.

A daidai wannan lokacin, a Koriya ta Kudu, wasu samari sun mayar da Tekken ilimi. Matattararsu mafi suna ita ce Green Arcade da ke birnin Seoul, inda gwanaye irin su Knee da JDCR suka goge. Wasan yana tafiya ne da hoto 60 a kowace daƙiƙa, su kuwa sai suka riƙa lissafin kowane duka da wannan ma'auni. A Tekken na zamani naushi mafi sauri yana fita cikin hoto 10, don haka wanda ya san yawan jinkirin da dukanka ke bari bayan an tare shi ya san da me zai rama tun kafin ka farfaɗo. Su ne kuma suka shahara da wata dabarar ja da baya, wadda ake katsewa da ɗan durƙuso a sake ja da sauri, har abokin karawa ya yi ta dukan iska. Duniya ta laƙaba wa dabarar sunan ƙasarsu.

Babban fagen da ake gwada ƙwanji shi ne Evo. Asalinsa ƙaramar gasa ce da masoya Street Fighter suka shirya a Kalifoniya a 1996 da sunan Battle by the Bay; ta sauya suna a 2002, ta koma Las Vegas a 2005. Da Tekken 7 ta fito kan na'urorin gida a 2017 aka kafa gasar zagayen duniya ta Tekken World Tour, kuma kowa ya ɗauka cewa rabon kambu tsakanin Koriya ne da Japan, sai ɗan abin da Amurka da Turai za su tsinta.

Sai ga Arslan Siddique, wanda ake kira Arslan Ash, ɗan Lahore a Pakistan. A 2018 ya doke Knee a wata gasa a Dubai, mutane suka ce sa'a ce. A Fabrairun 2019 ya nufi Evo na Japan a Fukuoka, matsalar biza da canje-canjen jirgi suka riƙe shi a hanya har ya isa da ƙyar, a gajiye, ya kuma cinye gasar. A watan Agusta ya je Las Vegas ya sake haɗuwa da Knee a wasan ƙarshe, ya ɗauki jarumar wasan Kazumi, ya doke shi. Ya zama mutum na farko da ya haɗa kambun Evo biyu na Tekken a shekara ɗaya. A kan dandalin, gaban dubban 'yan kallo, ya faɗi ya yi sujada.

A wayar hannu na kalli wasan, kuma na daɗe ban ji abu ya taɓa ni haka ba. Sujadar ta taɓa ni, amma abin da ya fi tsaya mini shi ne bayanin da ya yi bayan nasarar, cewa a gida akwai waɗanda suke doke shi. Ba a daɗe ba aka tabbatar. Awais Honey ya fito ya ci manya, Atif Butt ya ɗauki kambun zagayen duniya na kakar 2022, shi kansa Knee ya tashi takanas ya tafi Pakistan don ya yi atisaye da su. A 2023 a Riyadh, tawagar Pakistan ta doke ta Koriya a gasar ƙasashe. Arslan ya ƙara cin Evo a 2023, ya kuma ci a 2024 a kan Tekken 8.

Waɗannan samarin na Pakistan a shaguna suka tashi. Na'ura ta yi wa talaka tsada, intanet ba ta da ƙarfin da za a yi wasa daga ɗaki, don haka dole a fito a zauna kafaɗa da kafaɗa kowane dare, a sha kashi a gaban jama'a, a dawo gobe. Abin da aka ɗauka koma baya ne shi ya ƙera su, a shekarun da gidajen gem na ƙasashe masu arziki ke rufewa. Ita kanta Green Arcade a 2018 ta rufe.

Mu ma muna da shagon, muna da talaucin, muna da dokar wanda aka doke ya biya. Abin da muka rasa shi ne ɗorewa. A Lahore babba ya ci gaba da wasa har ya koyar da ƙarami, ilimin ya taru shekara bayan shekara. A wurinmu da zarar gemu ya fara tsiro sai a ce ka girmi wasan yara, ka nemi sana'a, kuma iyayenmu suna da hujja, domin babu wanda ya taɓa ganin gem ya ciyar da gida. Kowane rukuni na yara daga farko yake farawa. Ga ɗauke wuta da ke yanke wasa ana tsakiyar zagaye, ga kuɗin man janareta da ya cinye ribar masu shago. Da gidajen kallon ƙwallon Turai suka yawaita, wayoyi kuma suka shigo, shagunan da suka rage suka koma ƙwallo zalla.

Ba na cewa Yaya zai iya da Knee; tsakanin gwanin unguwa da zakaran duniya akwai shekaru na lissafi da horo. Amma na ga yara a wannan benci masu saurin ido da sanyin zuciya irin wanda ake gina zakara a kai, kuma ba wanda ya taɓa haɗa gwanin Fagge da na Gwammaja a gasa guda, balle na Kano da na Kaduna. Pakistan ma sai da mutum ɗaya ya samu biza da kuɗin jirgi kafin duniya ta san da sauran.