Ruwan Wikki a Idon Ɗan Bauchi

Mu da muka tashi a cikin garin Bauchi, a ɓoye muka koyi iyo. Kududdufin bayan unguwa kaɗai muka sani, ruwa jawur mai kwaɗi, wanda iyaye ke hana mu shiga saboda tsargiya. Duk wanda ya koma gida da jan ido da ƙafa fururu ya san bulala na jiransa. Shi ya sa da aka ce makaranta za ta kai mu dajin Yankari, ba giwa ce a raina ba.

Hanyar Gombe muka bi, a Dindima muka yi kudu zuwa ƙofar Mainamaji. Daga nan ma sai da muka ci kilomita arba'in da 'yan kai a cikin daji kafin sansanin Wikki, inda gwaggon biri ke fizge abinci a hannun baƙo ba kunya. A lokacin dajin yana hannun gwamnatin tarayya, wadda ta karɓe shi a 1991; sai a 2006 ya dawo wa jihar Bauchi.

Daga sansanin, matakala ce ke gangarawa da mutum zuwa ruwan Wikki. Ruwan yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse, ya miƙe a inuwar manyan itatuwa, garai-garai, har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ban taɓa sanin ruwan da ba na famfo ba zai iya yin haske haka. Hunturu ne, leɓunanmu duk sun tsage, amma da na tsoma ƙafa sai na ji ɗumi. Zafinsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina.

"Kai yara, kowa ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa!" in ji malaminmu, don wajen gindin dutsen zurfin ya kusa mita 2. Ran nan muka yi ninƙaya da rana tsaka, babba na kallo, ba mai waige-waige.

Ruwan nan Kogin Gaji yake faɗawa, inda giwaye da ɓauna ke taruwa idan rani ya tsananta. Tun 1962 aka buɗe wa jama'a dajin, baƙi na zuwa har daga Turai, amma yana ci mini rai yadda nake haɗuwa da magidanta haifaffun Bauchi da ba su taɓa sa ƙafa a Wikki ba, alhali tafiyar ba ta wuce a tashi da safe a dawo da magariba.