Ciwon Aro

"Kawu, don Allah aro muke nema. Ba kuɗi ba, kai kanka muke so ka ara mana."

Da wannan 'yar yayata ta tare ni a falon gidansu da ke Unguwar Rimi, wata Asabar bayan la'asar. Tana tare da 'yan ajinsu, dukansu ɗaliban likitanci a Jami'ar Jihar Kaduna, sun kai shekarun da ɗalibi ke wuni a ɗakunan marasa lafiya na asibitin koyarwa na Barau Dikko. Ta miƙo mini 'yar takarda rubutun hannu. Wai ni direba ne mai shekara 58, ƙirjina na matse ni in na yi tafiya mai ɗan nisa, in na zauna ya lafa. A ƙasa kuma an ja layi an rubuta: mahaifinka ya yanke jiki ya faɗi ya rasu yana da ƙasa da shekarunka, kana tsoro, kana shan wani jiƙo a ɓoye, kada ka faɗi ko ɗaya sai an ba ka dama.

Aka jawo kujeru biyu aka fuskantar da su. Ɗaya daga cikinsu ta riƙe takardar maki, ta saita ƙararrawa a waya. Saurayin cikinsu ya fara. Yaro mai ƙwaƙwalwa, wallahi! Ya yi sallama, ya faɗi sunansa, na buɗe baki na ce, "Likita, ƙirjina ne..." sai tambayoyi suka zubo. Tun yaushe? Yana kaiwa kafaɗa? Gumi fa? Taba? Hawan jini? Ciwon suga? Ina ta "eh" da "a'a", shi kuma biro na gudu. Ƙararrawa ta kaɗa. Ya samu maki masu yawa, amma labarin mahaifina yana nan a cikina, jiƙon ma ko ƙamshinsa bai ji ba.

Sai 'yar yayata ta zauna. Ta ce, "Baba, sannu da jiki. Me ya kawo ka?" Ta ajiye biro a cinya. Ta yi shiru.

Shirun nan! Na faɗi zancen ƙirji na tsaya, ita kuwa ta gyaɗa kai kawai tana dubana, sai na ji maganar tana tasowa da kanta, na ci gaba, na ƙara. Ta ce a hankali, "Baba, kai me kake zaton yana damunka?" Ban san sa'ad da na ce, "Haka mahaifina ya tafi" ba, kuma muryata ta rawa da gaske, alhali ciwon na aro ne, mahaifin ma na takarda. Tsigar jikina ta tashi. Ta tambayi abin da na gwada a gida, ba tare da ɗaure fuska ba, na fito da zancen jiƙo. Duk wannan kafin ƙararrawa, kuma ta samu lokacin yin tambayoyin da ɗan'uwanta ya yi.

Na ce mata, "Wannan halinki ne, tun kina ƙarama kike da haƙuri." Ta ce, "A'a, Kawu, koya mana aka yi. Har maki ake bayarwa a kai."

Ashe sauraro darasi ne! Ni duk zamana na ɗauka likita mai sauraro kyauta ce daga Allah, ka dace da shi ko kada ka dace. A daren nan barci ya ƙaurace mini, na duƙufa karatu, kuma abin da na tarar ya fi ƙarfin abin da na zata. Akwai fage guda na bincike, da mujallunsa da farfesoshinsa, wanda ba ya binciken cuta, sai yadda ake ƙera likitan kansa.

A 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Howard Beckman da Richard Frankel, sun naɗi hirar likitoci da marasa lafiya guda 74. Suka gano cewa likita kan katse mara lafiya bayan daƙiƙa 18 a matsakaici, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne suka samu kammala bayaninsu na farko. Likita zai ce, to ai layi ya kai bakin ƙofa, in na bar kowa ya saki baki sai magariba. Wannan uzuri ne da duk wanda ya taɓa riƙe kati a asibitin gwamnati zai tausaya masa. To amma a 2002 aka gwada a Basel ta ƙasar Suwizalan: aka umurci likitoci kada su katse kowa, aka auna mutum 335. Matsakaicin lokacin da suka yi magana daƙiƙa 92 ne, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari sun gama kafin minti biyu. Minti biyu kacal! Abin da ya raba yaron nan da tarihin mahaifin direba ke nan.

Aron mutum da aka yi da ni ma yana da asali. Wani likitan jijiyoyi, Howard Barrows, shi ya fara shi a 1963 a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, inda ya horar da wata mata lafiyayya ta kwaikwayi mai shanyewar ƙafafu domin ɗalibai su duba ta. An yi masa dariya a lokacin. Ƙararrawar kuwa daga Dundee ta Sikotilan ta fito, inda Ronald Harden da abokan aikinsa suka wallafa tsarin jarrabawar OSCE a 1975, wadda yaran nan ke kira "oski" suna dafe ƙirji. Kafin ita, ɗalibi mara lafiya guda ake ba shi, ya duba shi ba kowa a wurin, sannan ya je ya kare kansa gaban manya. Wanda ya faɗa hannun cuta mai sauƙi da malami mai sanyin hali ya tsallake, wani kuma ya sha kaye ba don ya fi shi jahilci ba. Harden ya ce a yanka jarrabawar gunduwa-gunduwa: tashoshi da yawa, kowace 'yan mintuna, nan ka ɗauki tarihi, can ka duba ciki, gaba ka karanta hoton ƙirji, kowa ya bi ta tashoshi iri ɗaya, malami na zaune yana kallon hannunka. Yau makarantun likitanci da dama a Najeriya sun rungume ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne masu wannan fage ba sa barin ko tasu ƙirƙirar ta huta. A 1999 Brian Hodges da abokansa a Toronto suka sa ɗalibai da likitoci masu neman ƙwarewa da tsofaffin hannu a tashoshi iri ɗaya. A takardar da ake yi wa kowace tambaya maki, tsofaffin hannu ne suka zo ƙasa! Dalili kuwa, gwani ba ya bin jeri, tambayoyi kaɗan yake yi ya cafko bakin zaren. Da aka auna su da hukuncin mai kallo a kan aikin gaba ɗaya, sai suka haye sama. Na tuna saurayin nan da bironsa mai gudu, na fahimci ba laifinsa ba ne, abin da takarda ke biya shi ya kawo. Ina ganin duk malamin da ke shirya oski a ƙasar nan ya kamata ya san wannan bincike, don in jeri kaɗai aka saka wa, masu haddar jeri za a yaye.

Akwai kuma horon hannu, wanda ake yi da mutum-mutumin roba. Tun 1960 wani mai ƙera kayan wasan yara a Norwe, Asmund Laerdal, ya fitar da na koyon farfaɗo da numfashi. Ba mai koya wa yaro tuƙi a tsakiyar titin Ahmadu Bello da rana tsaka, fili ake nema tukuna, amma shekara da shekaru hannun sabon likita a jikin talaka yake fara karkarwa. Shaidar da ta fi girgiza ni daga Tanzaniya ta zo. An horar da ungozomomi da ma'aikatan ɗakin haihuwa da jaririn roba da ake cika wa ruwa, su iya hura wa jariri iska cikin minti na farko in bai yi kuka ba. Rahoton 2013 daga asibitoci takwas ya nuna mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin ɗari. Amma a asibitin Haydom an lura da wani abu: kwas na yini guda ya gyara hannu a kan roba, bai sauya abin da ake yi a ɗakin haihuwa ba. Sai da aka ajiye jaririn robar a wurin aiki, ana atisaye na 'yan mintuna a kai a kai, sannan mutuwar ta sauko daga kimanin 11 zuwa kimanin 7 cikin jarirai 1,000. Duk mai shirya taron bita na kwana ɗaya a otal, a ci shinkafa a karɓi satifiket, ya ji wannan da kyau.

Yanzu in na bi ta titin Lafiya, da wani ido nake duban asibitin nan da dattawa har gobe ke kira Nasin Hom. Mai sunan, Dakta Barau Dikko, haifaffen Wusasa a 1912, likita na farko daga Arewa, sai da ya haye teku zuwa Birmingham kafin ya samu wannan ilimi. Sai a 1967 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe makarantar likitanci a Zariya. Jami'ar Jihar Kaduna kuwa a 2004 aka kafa ta. Yau 'yar Kawo ko ɗan Badarawa zai hau keke napep ya je ya koyi aikin, ya yi shekara shida, ya yi shekarar sanin makamar aiki, in yana son ƙwarewa a kunne da hanci da maƙogwaro ga cibiyar ƙasa nan cikin gari, ta ido ma haka. Gine-ginen sun samu. Abin da nake fata ya bi baya shi ne wannan sabon tunani, kuma mafi yawansa ba ya buƙatar dala.

Kujeru biyu da 'yar takarda da waya, shi ke nan kayan da aka yi aiki da su a kaina. Sauran mutum ne, mutum kuwa Kaduna ta tara. Garin da gidan rediyo ya raini 'yan wasan kwaikwayo irin su marigayi Usman Baba Pategi, Samanja, ba zai rasa masu iya ɗaukar ciwon aro ba. Ga malaman makaranta da nas-nas da suka yi ritaya suna zaune a gida. A horar da su, a biya su, su zo da Hausa da Gbagyi da Fulatanci da Burokan, tunda littafin da Turanci yake amma ciwo da harshen gida ake faɗinsa. A samu dattijuwa mai kunyar faɗin ciwon mara gaban saurayi, da mijin da ke amsa duk tambayar da aka yi wa matarsa, da uban da za a gaya wa ɗansa sikila ne, ɗalibi ya yi tuntuɓensa a kansu, su kuma su faɗa masa yadda maganarsa ta sauka a zuciyarsu. Na riga na fara yi wa abokaina na majalisa zancen, wani tsohon malamin firamare a Malali har ya ce a rubuta masa tasa takardar, shi ciwon suga yake so, don ya yi jinyar yayansa da shi kuma ya san duk abin da majinyaci ke ɓoye wa likita.