Tunawa Da Baba Saje, Sojan Da Ya Ƙi Koyar Da Harbi

Muna neman izinin iyaye da 'yan'uwa masu karanta wannan mujalla, mu ɗan tuna da wani bawan Allah, maƙwabcin gidanmu a Salaga, wanda yaro da babba suka sani da Baba Saje. Tsohon soja ne, mai aikin gadi, wanda ya shekara fiye da arba'in yana salla a sahun farko, da fari a bayan kakanmu, daga bisani a bayan mahaifinmu. Mun tashi muna yi masa dariya. Kafin a ta da kabbara sai ya bi sahu yana daidaita ƙafafun jama'a kamar mai duba fareti, mu kuma yara muna bayansa muna kwaikwayon tafiyarsa. Allah Ya yafe mana ƙuruciya.

Asalinsa Busanga ne daga wani ƙauye a ƙasar Bawku. A lokacin Yaƙin Hitila, Turawan Ingila sun nemi sarakunan arewacin Gwalkwas su ba da samari, shi kuwa yana cikin waɗanda aka bayar. A bariki ya koyi Hausa, domin ita ce harshen soja tun zamanin 'yan sandan Hausa da aka kafa a 1879, waɗanda daga cikinsu aka gina rundunar ƙasar a 1901. A can ne kuma limamin bataliyarsu ya gyara masa Fatiha. A 1943 aka ɗora su a jirgin ruwa, aka zagaya ta kudancin Afirka zuwa Indiya, daga nan aka shigar da su dajin Bama don su yaƙi sojan Japan a kwarin kogin Kaladan. Babu hanyar mota, kaya a ka ake ɗauka, abinci kuwa daga jirgin sama ake jefowa. A watan Janairun 1945 suka shiga garin Myohaung, wanda aka sa wa barikin soja na Takoradi sunansa.

Mun sha zama a ƙofar gidansa muna roƙon ya gaya mana mutum nawa ya kashe. Bai taɓa amsa wannan tambaya ba. Labarin da yake son bayarwa na alƙibla ne. Yakan ce: “'Ya'yana, mu a nan in an ce fuskanci gabas, an ce ka yi salla ke nan. Da muka je Bama sai liman ya juya mu wajen faɗuwar rana, ya ce mun wuce Makka. Na yi kuka a ran nan, domin na ga in na fuskanci Ɗakin Allah, na fuskanci gidan uwata.”

Da suka dawo a 1946, alkawuran aiki da fansho da aka yi musu ba su cika yadda suka zata ba. Ran 28 ga Fabrairun 1948 tsoffin sojoji suka yi maci a Akra don kai kukansu ga Gwamna, aka harbe uku daga cikinsu: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Wannan jini yana cikin abin da ya gaggauta samun mulkin kai a 1957. 'Yan'uwanmu na ƙasashen da Faransa ta mulka sun san irin wannan labari, domin an yi wa kakanninsu haka a Thiaroye kusa da Dakar, ran 1 ga Disamban 1944. Baba Saje bai je Akra ba. Ya biyo mota zuwa Salaga, garin da tun yaƙin basasa na 1892 kasuwar goronsa ta watse, ya sami gadin wani kanti, ya auri wata Badagomba 'yar Yendi, wadda muke kira Iya. Haka gidan ya zama: miji daga Bawku, mata daga Yendi, 'ya'ya haifaffun ƙasar Gwanja, Hausa kuma ita ce ta haɗa su a tukunya ɗaya.

Da ya bar gadi sai ya yanki allo. Mun gan shi da idonmu, furfura fal, zaune a zauren mahaifinmu tare da mu, yana biya karatu da ƙarfi. In ya yi kuskure yaro ɗan shekara tara ya gyara masa, sai ya ce, “Na gode, malam.” Ya sauke Alƙur'ani yana da shekara sama da saba'in, Iya ta dafa waina aka raba wa unguwa.

Ranar da aka gwada shi ta zo a 1994, lokacin da faɗan da ake kira yaƙin zabo ya tashi a kusa da Bimbila, ya bazu har ƙasar Yendi da ta Salaga. An ƙone ƙauyuka da yawa, mata da yara suka yi ta kwararowa cikin gari. Muna ƙanana a lokacin, abin da muke iya tunawa shi ne muryoyin maza a zaurenmu cikin dare. Sauran mahaifinmu ne ya ba mu labari. Samarin unguwa sun zo da bindigogin farauta, suka ce, “Baba, kai ne ka san wannan aiki, ka koya mana.” Ya yi shiru har aka zaci ba zai yi magana ba, sa'annan ya ce: “Harbi cikin kwana uku zan koya muku. Amma mu a soja muna da mai busa begila, in ya busa kowa ya sauke bindiga. Ku wa zai busa muku? Wanda na koya wa ɗana kunama, ban san ranar da zai daina ba, ban kuma san wanda zai tarar a gabansa ba.”

Adalci ne mu faɗi cewa waɗannan samari ba don mugunta suka zo ba. Tsoro ne ya kawo su, wasunsu an kashe musu dangi a gona a makon nan. Sun fita suna cewa tsoho ya zama matsoraci, akwai ma wanda ya shekara bai gaishe shi ba. Shi kuwa ya raba su gadin dare da tocila da usur, ya hana su ƙetare iyakar unguwa, ya buɗe gidansa ga masu gudun hijira ba tare da tambayar yarensu ba. Har yau akwai masu ganin ya yi kuskure. Mu dai abin da muka sani shi ne, waɗanda suka saurare shi sun tsufa a cikinmu suna kwana ba da haƙƙin ran kowa a wuyansu ba.

A watan Maris na 2002 aka kashe Ya Na Yakubu Andani na Biyu a Yendi, aka kafa dokar ta-ɓaci. Dangin Iya sun rabu biyu, wasu na gidan Abudu, wasu na gidan Andani. Da hanya ta buɗe, Baba Saje ya sa babbar rigarsa, ya hau mota ta Bimbila, ya shiga gidajen surukansa ɗaya bayan ɗaya yana gaisuwa. Da aka nemi jin ɓangarensa sai ya ce shi suruki ne, suruki kuwa tabarmar kowa yake zama. Bai ga sulhun da aka yi a 2019 ba, wanda ya kai ga naɗa Ya Na Abukari na Biyu, amma zumuncin gidan Iya bai yanke ba. Haka kuma da rikici ya tashi a Bawku a ƙarshen 2007, ya ji labarin wani jikan ƙaninsa ya fara yawon dare da wasu samari, sai ya sayar da tunkiyarsa ya aika da kuɗin mota. Ya kawo yaron Salaga, ya damƙa shi ga tela. Yau yaron nan magidanci ne mai keken ɗinki uku.

Ya rasu yana da shekara wajen tasa'in, cikin azumi, bayan ya yi asuba a zaune. Mahaifinmu ne ya yi masa salla. A cikin akwatinsa an sami lambobin yabo a gwangwanin madara, da allonsa, da likkafanin da ya saya da kansa.

Rikicin Bawku ya sake tashi a 2021, aka sake binne samari sa'anninmu da ƙannenmu. Mafi yawan masu zuga su ba su taɓa ɗaukar gawar aboki a kafaɗa ba. Wanda ya ɗauka, mun ji abin da ya ce. Muna roƙon iyaye, in ɗanku ya fara sha'awar bindiga, ku zaunar da shi gaban wani tsohon soja daga cikin waɗanda suka je Kwango ko Labanan ko Laberiya, ya ji daga bakin wanda ya gani.

Allah Ya jiƙan Baba Saje da Iya, Ya haskaka kabarinsu, Ya yi wa zuriyarsu albarka, Ya zaunar da garuruwanmu lafiya. Amin. Wassalamu alaikum.