Tsakanin 0,48 da 0,5

A hutun ƙarshen shekara na ɗebi maiɗakina da yara uku za mu Tasawa gaishe da tsohuwa. Mun wuce Agye kenan muka cim ma wata babbar mota shaƙe da buhuna tana jan ciki. Na leƙa, hanya fayau, na fita zan wuce ta, na taka totur. Motar ta yi shiru kamar ba da ita nake ba. Ba ta mutu ba, ba ta kuma zabura ba, sai da na ƙirga ɗaya, biyu, sannan ta fizga. Kafin nan wata mota ta ɓullo daga gaba, dole na koma bayan babbar motar. Ba wanda ya ce uffan har Gazawa.

Motar tawa tsohuwa ce ƙirar Japan, ta shekarun 1990, irin waɗanda aka riƙa shigowa da su ta Kwatano bayan Turawa sun gama cin moriyarsu. Wannan nawa da take yi ta daɗe tana yin sa a cikin gari, ina ɗora laifin ga isansin ruwa-ruwa da nake saya a kwalba in wata ya yi nisa. A cikin gari abin haushi ne kawai. A kan babbar hanya, da yara a baya, lamari ne na rai.

Da muka dawo Maraɗi wani abokin aiki ya ce ai abu ne mai sauƙi. Ya buɗe gaban motar ya nuna mini wani ɗan baƙin abu na roba, bai fi kwalin ashana ba, maƙale a gefen maƙogwaron da iska ke shiga inji. Ya ce in sassauta notinsa biyu in murɗa shi gaba kaɗan, mota za ta riƙa tashi kamar doki. Na yi. Kwana biyu ina jin daɗi, don na ji kamar ta ƙara kuzari. A kwana na uku na lura in na tsaya injin ba ya kwantawa, sai gurnani yake, isansin da ke kai ni mako kuwa ya ƙare tun ranar Alhamis.

Sai daga baya na fahimci abin da na taɓa. A cikin maƙogwaron nan akwai wani faifai da makanikanmu ke kira papiyo, shi ke buɗewa in ka taka totur iska ta shiga. Ɗan baƙin abin yana zaune a kan sandar faifan, yana juyawa tare da ita, aikinsa ɗaya: ya faɗa wa kwamfutar motar iya buɗewar faifan da saurin buɗewarsa. Waya uku gare shi, wasu huɗu. Ɗaya na kawo masa volt 5 daga kwamfuta, ɗaya ta ƙasa ce, ta uku ita ke mayar da labari. In ƙafarka ba ta kan totur labarin ya kan tsaya wajen rabin volt, in ka take har ƙasa ya haura zuwa wajen 4,5. Da wannan kwamfuta ke gane an taka da sauri, ta ƙaro mai nan take don ya dace da iskar da ta kwararo. In labarin ya makara ko ya zo ba daidai ba, mota ta yi irin shirun da ta yi mini a bayan Agye.

Wato abin ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan, ɗan aike ne. Ni kuwa da na murɗa shi gaba, ƙarya na koya masa. Ya riƙa gaya wa kwamfuta ƙafata tana kan totur alhali ina tsaye, ita kuma ta daina ganin lokacin da ya kamata ta kwantar da inji ko ta rage mai.

Na kai ta garaji. Mai garajin ba ya nan, sai yaransa. Wani saurayi ya fito daga ƙarƙashin wata mota, ya goge hannu, ya rusuna: “Mushe, ina kwana? Ba ka gane ni ba?” Na gane shi. Na koyar da shi a CM1 shekaru da dama baya, yana cikin masu zama a layin ƙarshe, bai kuma yi nisa a lakwal ba ya bari. Ban tuna na taɓa rubuta masa wata kalmar yabo a takarda ba.

Bai taɓa noti ba tukuna. Ya fara cire bututun iska, ya nuna mini baƙin dattin da ya daskare a gefen faifan, ƙurar hunturu ce da tururin mai suka haɗu. Ya wanke, ya kakkaɓe matatar iska, ya ce wannan ta gama aiki. Sannan ya ɗauko na’urar awon wuta, ya murɗa makulli ba tare da ya tada inji ba, ya soka tsinke a bayan wayar labari. Ta nuna 0,9. Ya dube ni. “Mushe, an taɓa wannan?” Na ce an taɓa. Bai tambayi wa ba, Allah ya yi masa albarka.

Abin da ya yi bayan haka shi ya fi burge ni. Ya buɗe faifan da hannu sannu a hankali, idonsa a kan lambobin, yana duba ko suna hawa a jere ko akwai inda suke faɗuwa su yi tsalle. Ya ce in akwai, cikin abin ya cinye, murɗawa ba ta da amfani sai sabo. Nawa ya hau lafiya. Sai ya sassauta notin, yana bugun abin da ɗan yatsa kaɗan-kaɗan, lamba na sauka, har ta tsaya a 0,48. Wani ƙaramin yaron garajin da ke leƙe ya ce ya yi yawa, ai 48 ta fi 5. Saurayin bai ɗaga kai ba ya ce, “0,50 ake nema, saura kaɗan ya kai.”

Kuskuren ƙaramin yaron nan shi ne wanda nake fama da shi a aji kowace shekara. Yara suna karanta abin da ke bayan waƙafi kamar wata lamba mai zaman kanta. Mun kan zana musu layi a allo, mu raba shi goma, su kwafa, su manta. Ga wanda na ɗauka bai taɓa ganewa ba, ya gane, don a nan in ya kuskure inji ne zai faɗa masa, ba jan biro ba. Ina cewa wani ɓangare na laifin namu ne: da wuya mu ba yaro abin awo a hannu, ko da ma’aunin tela ne, ya karanta da kansa.

Ya ɗaure noti, ya sake aunawa don ɗaurewa kan gusar da shi, ya cire kan batir na ɗan lokaci ya mayar. Ya gargaɗe ni cewa kowace mota da lambarta, kada in je in ce wa kowa 0,5, sababbin motoci marasa wayar totur kuwa ba a ma murɗa nasu da hannu. Na biya kuɗin matata, na aikin ya ƙi karɓa sai da na cusa masa a aljihu.

Motar ba ta zama doki ba, tsohuwa ce. Amma yanzu in na taka tana amsawa. Ranar Litinin na ari na’urar awon wurin mai garajin, na shiga aji da ita da tsofaffin baturan tocila shida, na ce su jera mini su daga mai rai zuwa matacce. Gardama ta kaure a kan 1,38 da 1,4 har aka buga ƙararrawa.