Gangar ɗan yayata da lissafin Heisenberg

Ranar da sakamakon bak ya fito bara, ɗan yayata bai samu ba. Bayan isha'i sai ga Yaya a ƙofar gidana, ko mai kabu-kabun da ya kawo ta ba ta sallama ba. Na shimfiɗa tabarma, ta ƙi zama.

"Mushe," ta ce, don haka take kirana idan ranta a ɓace yake, "kai ne mai boko a gidanmu. Ka je ka duba yaron nan, ka dawo ka gaya mini gaskiya. Wannan rap ɗin lalata mini shi zai yi, ko kuwa zai bar shi ya zama mutum?"

Na ce mata to. Ba a yi wa babbar yaya gardama a irin wannan dare. Abin da ban tuna mata ba, kuma na san ba ta manta ba, shi ne ni ma, kafin in zama malamin fizik a wani lise a nan Maraɗi, na sa burgujejen wando na karkata hula. Wajen shekarar 2000 ina ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, daidai lokacin da rap ya cika gari. Lakal Kaney, Wass-Wong, Kaidan Gaskiya, ga ZM, mace ɗaya tamkar da dubu. Kaset guda sai ya zagaya ɗaki goma kafin ya koma hannun mai shi, wani lokaci ma ba ya komawa. Gidajen rediyo masu zaman kansu da aka buɗe bayan taron ƙasa na 1991 suna neman abin da zai jawo matasa, sai ga shi ya zo musu har gida.

Wanda bai yi zamanin ba zai yi wuya ya gane abin da ya kama mu. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne. Makaɗi ɗan makaɗi ne, yana da ubangida, yana yabo ana yi masa kyauta. Ko Shata, da duk ƙarfin halinsa, yana da iyayen gidan da yake wa waƙa. Yaro kuwa ba ya ɗaga murya gaban manya, kunya ta hana. Kwatsam sai ga ɗan talaka wanda bai gaji ko kurya ba, ba shi da ubangida, ya riƙe makirfo yana cewa babu aiki, malamai suna yajin aiki, shekarar karatu ta tafi a banza, da Zabarmanci da Hausa da Faransanci cikin numfashi guda. Ba ya roƙon kowa. Wannan rashin roƙon shi ne sabon abu, ba wandon ba.

Can inda abin ya samo asali ma haka ne. A unguwar Bronx ta birnin New York, ranar 11 ga Agusta 1973, wani saurayi ɗan asalin Jamaika da ake kira DJ Kool Herc ya yi kiɗa a wani ɗan biki, yana maimaita wurin da ganga ta rage ita kaɗai a faifai don masu rawa su more. Unguwa ce ta talakawa da hukuma ta juya wa baya. Zuwa 1982 waƙar "The Message" ta mayar da abin labarin halin da unguwa take ciki. A nan kusa da mu kuma mun ga inda ya kai: ƴan rap na Keur Gui suna cikin waɗanda suka kafa Y'en a marre a Senegal a 2011, suka bi unguwa-unguwa suna sa matasa yin katin zaɓe, Abdoulaye Wade ya faɗi a 2012. A Burkina Faso, Smockey yana cikin jagororin Balai Citoyen, kuma a ƙarshen Oktoba 2014 Blaise Compaoré ya bar mulki bayan shekara 27.

Amma ba zan yaudari Yaya da rabin labari ba, ba zan kuma yaudare ka ba, mai karatu. Na ga yadda kuɗin ƙungiyoyin agaji suka shigo, aka koma yi wa kowane furoje waƙa, yau sida, gobe rigakafi, jibi auren wuri. Saƙonnin ba su da laifi, sai dai wanda ya ce ba ya roƙo ya samu sabon ubangida mai farar mota. Lokacin kamfe kuma wasu suka yi wa ƴan siyasa abin da ko maroƙin fada zai ji nauyin yi. A fadarmu ta shan shayi mu takwas ne. Ɗaya rap ne ya raba shi da yawon dare, don ya samu abin da yake tashi dominsa, yau tela ne mai yara shida a shago. Ɗaya kuma ta nan ya haɗu da masu tramol, mun kai shi makwanci bai cika talatin ba, Allah ya jiƙansa. Kaset ɗaya suka saurara, a tabarma ɗaya.

Da waɗannan biyun a raina na tafi Bagalam ranar Asabar. Abin da suke kira situdiyo ɗaki ne ƙarami, an manna kwalayen ƙwai a bango, ga tsohuwar kwamfuta, ga makirfo an sa masa safa. Yaron ya gan ni ya miƙe, ya rusuna. Na lura idonsa fari ne tas, na kuma shaƙi iskar ɗakin da gangan. Zufa ce kawai da turaren sauro.

Na zo da wa'azi a baki, sai na tarar yana fama da wata matsala, kuma halin malami, na tambaye shi mece ce.

"Kawu, wannan gangar ce ta hana ni barci. Ka ji." Ya danna, wani kauri ya cika ɗakin, irin wanda suke kira 808, sunan wata na'urar kiɗa da kamfanin Roland ya fitar a 1980. "In na ja ta da tsawo, tana da murya, ina iya cewa ga sautin da take kai, amma sai ta yi yauƙi, ba ka sanin daidai inda ta faɗi. In na datse ta ƙwarai, tana faɗuwa daidai wurin da nake so, amma muryar ta tafi, sai dai ka ji ƙwas. Ina son duka biyun. Akwai wani lojisiyel da zai ba ni?"

Na zauna a kan bokitin fenti. Na ce masa babu, kuma ba za a taɓa yin sa ba, ko a Amurka.

Dalilin ba shi da wuya. Muryar sauti ita ce yawan kaɗawar iska a daƙiƙa guda. Ganga mai kauri irin tasa tana kaɗawa kamar sau 50 a daƙiƙa. In ka yanke ta kafin ta yi ko kaɗawa ɗaya cikakkiya, me za ka ƙirga? Ba kunnenka ne ya gaza ba, ba kwamfutar ba ce tsohuwa. Sautin da kansa ba shi da murya guda a wannan hali, tarin muryoyi ne a cakuɗe. A ƙiyasce, sautin da ya yi daƙiƙa ɗaya ana iya tsayar da muryarsa har kusan kaɗawa ɗaya, wanda ya yi kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa kuwa muryarsa ta bazu a faɗin kaɗawa wajen 100. Matse lokaci, murya ta bazu. Matse murya, lokaci ya bazu. Mai kalangu ya san haka a hannunsa: in yana son ganga ta yi magana, dole ya bar ta ta yi amo yana matsa tsarkiya, in ya danne fatar nan take sai ya samu bugu ba zance. Wani masani, Dennis Gabor, ya rubuta lissafin wannan iyaka a 1946.

Abin da ya sa tsigar jikina ta tashi shi ne, wannan lissafin shi ne dai na ƙa'idar rashin tabbas da Werner Heisenberg ya fitar a 1927, yana ɗan shekara 25, a fannin da muke kira fizik kwantik, wato ilimin ƙananan abubuwa irin na cikin ƙwayar zarra. Shekara uku kafin nan Louis de Broglie ya kawo ra'ayin cewa elektaron ma yana da halin kaɗawa kamar sauti ko haske. To in haka ne, abin da ya sami gangar yaron dole ya same shi. In ka tsayar da wurin da yake, gudunsa ya bazu. In ka tsayar da gudunsa, wurinsa ya bazu. Elektaron da aka tsare a faɗin ƙwayar zarra guda, rashin tabbas ɗin gudunsa ba ya kasa kilomita wajen 600 a daƙiƙa. Wannan ne ma ya hana shi rufzawa cikin tsakiyar ƙwayar, wato da babu wannan ƙa'ida, da babu bokitin da nake zaune a kai. Na ci jarrabawa a kan wannan a Yamai, na samu maki mai kyau, amma sai a wannan ɗaki mai kwalayen ƙwai na ji shi da kunnena, daga bakin yaron da ya faɗi bak.

A hanyar komawa gida shaiɗan ya raɗa mini wata dabara. Ya ce je ka gaya wa Yaya cewa ko masana kimiyya sun ce babu tabbas a duniya, ka san inda yaro yake yau amma ba ka san inda ya nufa ba. Magana ce mai daɗin ji, irin wadda ake turawa a WhatsApp da hoton taurari. Kuma ƙarya ce. Heisenberg bai ce ba a san kome ba. Ya auna iyakar daidai, kuma ƙanƙantarta ta kai in ka ɗora ta kan mutum ko kabu-kabu ba za ka taɓa ganin alamarta ba. Jandarma na iya sanin inda kake da gudun da kake yi a lokaci guda, kada wani direba ya kafa hujja da ni. Rashin sanin da nake da shi game da ɗan yayata na ɗan Adam ne zalla, irin wanda kakanninmu suka sani tun kafin a haifi Bature mai lissafi, gaibu sai Allah. In na lulluɓe shi da rigar kimiyya, na guje wa tambayarta ne kawai.

Sai na gaya mata abin da na gani. Ba ya shan kome, gwargwadon abin da ido da hanci suke iya shaida. Yana iya zama awa biyar kan matsala guda, abin da ban taɓa ganin ya yi da kaye ba. Abokansa biyu na yaba da su, na uku ban yaba ba, na kuma faɗi sunansa. Na gaya mata cewa cikin waɗanda muka yi rap tare, ban san ko ɗaya da waƙa kaɗai ta ciyar da iyalinsa har yau ba, don haka maganar barin makaranta ba ta taso ba.

"Ban tambaye ka wannan ba," ta ce. "Zai lalace ko ba zai lalace ba?"

Na ce, "Yaya, wallahi ban sani ba."

Ta daɗe tana kallona, irin kallon da take yi mini tun ina yawo ba wando. Sannan ta ce kuɗin bokon da aka kashe a kaina da awaki aka saya.

Mun dai yi yarjejeniya. Ni zan biya kuɗin sake zaman bak, shi zai zo wurina Talata da Alhamis da dare, situdiyo kuma sai Asabar da Lahadi. Ya ce akwai sharaɗi a nasa ɓangaren, in bar shi ya kawo kwamfutarsa ajina ranar da zan koyar da darasin kaɗawa. Na yarda. Ya datse gangar a gaban ɗalibai sittin da wani abu, yana ja yana gajartawa, ajin ya yi tsit yadda bai taɓa yi mini ba, abin har ya ɗan sosa mini rai.

Watan jiya ya gama wata waƙa kan tsadar hatsi. Ya sa mini ita a salula a tsakar gidansu, a hankali, don uwar tana madafa kuma har yanzu ba ta ɗage dokar hana rap a gidan ba. Da ta ƙare muka ji muryarta daga bayan zana, ba ta ko leƙo ba.

"Wa ya gaya maka haka ake sayar da tiyar gero? Wannan kuɗin kaka ne. In za ka faɗa wa duniya, ka je kasuwa ka tambaya tukuna."

Washegari da sassafe ya tafi kasuwa. Baitin bai zauna da sabon kuɗin ba, gaɓa ɗaya ta yi yawa, kwana uku yana gyara.