Dutsen da ke kunnen kifi: abin da na gano a Dillingham

Babu titin mota da ya haɗa Dillingham da manyan garuruwan Alaska. Sai da muka hau ƙaramin jirgi daga Anchorage, ni da 'yata da aiki ya kai ta can. Watan Yuli ne, rana ba ta faɗuwa sai bayan sha ɗaya na dare, har na riƙa jiran Magariba ina gyangyaɗi.

Garin yana bakin kogin Nushagak, inda yake malala cikin tekun Bristol Bay, kuma rayuwarsa duka kifin salmon ce. Duk bayan gidan da ka leƙa, mata 'yan ƙabilar Yup'ik na yanka shi siri-siri suna ratayewa ya sha iska da hayaƙi. Bandarsu ke nan, ita za ta kai su ƙarshen hunturu.

Wata maƙwabciyar 'yata ce ta fasa kan kifi ta ciro min wasu fararen duwatsu biyu, ko ƙwayar wake ba su kai ba. Da su kifi ke ji, da su yake daidaita iyonsa. Kullum dutsen na ƙara sabon zobe, kamar bawon albasa, kuma sinadaran ruwan da kifin ke ciki suna maƙalewa a zoben, ba sa gogewa. Duwatsun da kowane rafi ke bi ta kansu daban ne, don haka sinadarin sitirontiyam ɗin ruwansa ma daban ne. Salmon kuwa a rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya tafi teku ya yi shekaru, sannan ya dawo gida ya zuba ƙwai. Idan masana suka goge dutsen suka haska shi da lesa daga tsakiya, sai su san rafin da aka binne cibiyarsa.

Uwargida za ta ce, to ina amfanin wannan? Ni ma na tambaya. A 2019 masu bincike daga Jami'ar Washington sun nuna da waɗannan duwatsu cewa rafin da ya fi ba da kifi bana ba lalle shi ne na baɗi ba. Wanda aka raina, wata shekarar shi ke cika ragar masunta.

Wannan magana ta yi nauyi a garin, domin an daɗe ana neman haƙar tagulla da zinariya a Pebble, can sama inda wasu rafukan ke farowa. A Janairun 2023 hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana zuba sharar ma'adinan a ruwan wurin, kamfanin kuma ya garzaya kotu.

Duwatsun nan biyu na ƙulle su a bakin gyale na dawo da su. Jikokina sun ƙi yarda daga kan kifi suka fito, sai da na sayo ragon ruwa muka fasa kansa muka laluba tare.