Hausar da Aka Sha a Nono a Tempane

A ƙarshen shekarun 1980, Tempane ƙaramin gari ne a arewa maso gabashin Gana, kusa da iyakar Togo. A can wani yaro ya tashi, a gidan laka mai rufin kwano. Da assalatu ƙamshin ƙosan mahaifiyarsa ke tashinsa, ya ɗauki tukunyar koko ya bi ta bakin hanya, hunturu na tsaga masa leɓe. Idan damina ta kawo kai, mata su yi sammakon tsintar kaɗanya. Da rani kuwa maza su duƙufa a lambun albasa, a loda buhuna a amalanken jaki. Da dare yara su kewaye wutar kara, kowa da allonsa.

Kasuwa takan ci duk bayan kwana uku. Bakusashe ya zo da gero, Babimobe ya jawo akuya, Bamoshe ya shimfiɗa sawaye, kowa da harshen gidansu, amma idan ciniki ya kankama sai a koma Hausa. Yaron bai ga abin mamaki a nan ba. A ganinsa Hausa kamar rijiyar unguwa ce, kowa na iya jefa gugarsa.

Kakarsa ce ta sanar da shi mafarin zamansu. Kakanninta fatake ne, masu kai kanwa da tufafi Gwanja su komo da goro. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai suka yada zango a Yendi, daga baya suka gangara Bawku, wani reshe ya ƙarasa Tempane. Kano kuwa suna ne da take ambata da ɗoki, alhali ba ta taɓa taka ta ba.

Da ya girma, neman ilimi ya kai shi Kanon. Ran nan aka tambaye shi labarin gida, ya ce, "Uwana ya gaishe ku." Abokai suka fashe da dariya. A ranar ya fahimci cewa Hausar garinsu ba ta bambanta "ya" da "ta", kuma ƙ da ɗ da ɓ sun saje da k da d da b. Kunya ta kama shi. Ya yi ta gyaran harshe har ya goge, ba mai jin baƙunci a bakinsa.

Ya koma Tempane bayan 2018, shekarar da garin ya zama hedikwatar gunduma. Mahaifiyarsa ta tsufa, ta bar suyar ƙosai. Ya durƙusa ya gaishe ta da tatacciyar Hausar Kano. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "Malam, sannu da zuwa." Ba ta kira shi da sunan da ta saba ba.

Wannan ta fi dariyar Kano yi masa ciwo. Sai a lokacin ya gane abin da ya ɗauka aibi ne, tarihi ne: harshen da ya yi tafiyar ɗaruruwan mil a bayan jakuna, ya zauna cikin baƙin harsuna, ya sauke wasu kaya domin maƙwabta su iya ɗaukarsa. Shi ne ya ba Gana sunayen tuwon zafi da wake da koko.

Washegari da asuba ya leƙa ɗakinta ya ce, "Inna, ka tashi lafiya?" Tsohuwa ta yi murmushi, ta kira shi da sunan yarinta.